Tambaya da Amsa: Daga Ina Ake Fara Gyaran Inganci a Wurin Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da sashen ɗinki a wata masana'antar tufafi. Kowane mako sai an dawo mana da riguna saboda lahani. Na yi wa teloli faɗa har na gaji, babu abin da ya canza. Daga ina zan fara? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye faɗan tukuna, ka ɗauki takarda da biro. Darasin farko a wannan fanni shi ne a auna matsala kafin a taɓa ta.

Ka zana jadawali, ka jera ire-iren lahanin: ɗinki ya warware, maɓalli ya ɓalle, yanka ya karkace, man keke ya ɓata yadi. Duk rigar da aka dawo da ita, a ja layi a gaban irin lahaninta, a rubuta rana, da lambar keke, da ko aikin safe ne ko na yamma. A yi haka mako biyu zuwa uku. Kada a rubuta sunan tela. Da zarar ma'aikata sun ga takardar ta zama ta farautar mai laifi, ɓoye lahani za su fara, alƙalumanka kuma su zama ƙarya.

Daga nan ka jera lahanin daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Wannan shi ne jadawalin Pareto, wanda Joseph Juran ya yaɗa a harkar inganci, bisa lura cewa dalilai ƙalilan ne ke haddasa yawancin matsaloli. A ce an dawo da riguna 120, 70 daga ciki warwarewar ɗinki ne. To, ka bar sauran tukuna, ka kama wannan.

Sai ka je gaban keken, tare da telan da ke aiki da shi, ku yi ta tambayar "me ya sa" har kusan sau biyar, kamar yadda Taiichi Ohno ya koyar a kamfanin Toyota. Me ya sa ɗinkin ke warwarewa? Keken yana tsallake ɗinki. Me ya sa? Allurar ta dakushe. Me ya sa ba a canza ta ba? Allurai na kulle a ma'aji. Me ya sa ba a karɓo ba? Mai mabuɗi yana tashi kafin masu aikin yamma su shigo. Ka ga ke nan faɗa ba zai taɓa gyara wannan ba. Inda tambayar ta tsaya a kan "wane ya yi sakaci", ba a kai ga tushe ba, a ci gaba da tonawa.

Gyaran kuwa a bi shi da matakai huɗu: tsara, gwada, duba, tabbatar. Irin tunanin da W. Edwards Deming ya koyar a Japan tun 1950 ke nan. A gwada a kekuna biyu kawai, a canza abu ɗaya tak, misali a ajiye allurai kusa da kowane keke a sa lokacin canza su. Idan ka canza allura da zare da tela a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka ci gaba da ƙirga da takardar farko. Raguwar rana ɗaya ba hujja ba ce, domin adadi yakan hau ya sauka da kansa. In ta ɗore makonni, a rubuta sabuwar hanyar a liƙa a gaban kowane keke.

TAMBAYA: Ina jin ana maganar ɗamara rawaya, kore da baƙa a horon Six Sigma. Wacce ta dace da sabon shiga? Daga wata ma'aikaciyar ofis.

AMSA: Malama, rawaya. Six Sigma tsari ne na rage lahani a aiki, ɗamarun kuma matakan horonsa ne. Kamfanin Motorola ne ya ɓullo da tsarin a 1986, burinsa kada lahani ya wuce 3.4 cikin miliyan. Mai rawaya yana koyon matakai biyar: fayyace matsala, aunawa, nazari, gyarawa da kiyaye gyaran, sannan ya taimaka a cikin tawaga. Mai kore yana jagorantar ƙananan ayyuka, mai baƙa kuma manya, da lissafi mai zurfi. Babu hukuma guda da ke ba da takardun shaidar waɗannan ɗamaru a duniya, don haka ki tambayi masu horon ko za su sa ki aikin gaske. Takardar da aka samu da sauraron lacca kaɗai ba ta da nauyi sosai.

TAMBAYA: Mun yi 5S a ma'ajinmu, bayan wata guda komai ya koma gidan jiya. Me ya faru? Daga wani mai kula da ma'aji.

AMSA: 5S matakai biyar ne na shirya wurin aiki, amma kusan kullum matakai uku na farko ake yi, wato ware abin da ba a buƙata, ba kowane kaya mazauninsa, da tsaftacewa, sai a ɗauka an gama. Na huɗu da na biyar, kafa ƙa'ida da ɗorewa a kanta, su ake tsallakewa. Malam, ka ɗauki hoton kowace kanta a shirye ka liƙa a jikinta, ka raba wa kowa yankinsa da sunansa, a ware minti goma ƙarshen kowane aiki don mayar da kaya, shugaba kuma ya zagaya sau ɗaya a mako da takardar dubawa. Kayan da kullum ake tsinta a wurin da ba nasa ba, mazaunin da aka ba shi ne ya yi nisa da masu amfani da shi, sai a matso da shi.