Me ya sa jirgin sintirin PBR ba shi da farfela?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙaramin jirgin sintirin da sojojin ruwan Amurka suka yi aiki da shi a yaƙin Biyetnam, wato PBR, ba a sa masa farfela ba. Saboda ruwan da aka ƙera shi dominsa ba shi da zurfi. A lokacin yaƙin, daga 1966, aikinsa shi ne tare kwale-kwale da bincikensu a rassan kogin Mekong, inda laka da ciyawa suka yi yawa, farfela za ta riƙa maƙalewa. Shi ya sa aka haɗa injinan dizal biyu da famfunan kamfanin Jacuzzi, su zuƙo ruwa ta ƙasan jirgin su feso shi ta baya da ƙarfi, ya tura jirgin gaba. Tsawon samfurinsa na farko ƙafa 31 ne, gangar jikinsa ta faiba ce mara nauyi, ko da an cika shi da kaya abin da ke nutsewa cikin ruwa bai wuce ƙafa 2 ba. Mutum huɗu ke cikinsa, kuma yana iya juyawa a inda yake.

Amma fa kada ka ɗauka famfon ya raba sojojin da matsalar ciyawa. Duk wanda ya taɓa shiga jirgi mai inji lokacin da kainuwa ta rufe kogi, kamar yadda na sha gani, ya san yadda take shaƙe komai. Haka ciyawa ke toshe bakin famfon PBR, gudu ya ragu, sai an tsaya an ciro ta da hannu. A wurin da ake iya yi musu kwanton ɓauna daga bakin gaɓa, tsayawar nan haɗari ce babba, don faiba ba ta tare harsashi.