Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan kayan 'yan gata a jami'o'in Ingila

Hajiya, barka da warhaka, Allah ya sa ƙanwata ta je a sa'a. Kin ce ta samu gurbin karatu a Ingila, ta kuma kawo miki jerin kaya masu tsada, har da rigar sanyi ta Canada Goose, wai idan babu su 'ya'yan masu hali ba za su kula ta ba, kina tambaya ko haka abin yake. Na yi karatu a wata tsohuwar jami'a a arewacin Ingila, na kuma yi aiki a ɗakin cin abincin ɗalibai, inda na ga yaran nan safe da yamma. Don Allah kada ki sayi rigar nan.

Yaran da take nufi suna nan, ba ƙarya ta yi ba. Sauran ɗalibai na kiran su "rah", kuma sun fi yawa a jami'o'i irin su Durham, Exeter, Bristol, Edinbara da St Andrews, inda Yarima William ya haɗu da matarsa Kate. Iyayensu su ne aka laƙaba wa Sloane Ranger tun 1975, saboda dandalin Sloane da ke unguwar Chelsea a Landan, kuma Gimbiya Diana kafin aurenta ita ce ake nunawa a matsayin misali.

Abin da ƙanwata ba ta gani ba tukuna shi ne, yaran nan ba sa ado da sabon abu. Ɗan babban gida za ki gan shi da tsohuwar rigar Barbour mai shafen kaki, ta kamfanin da ke South Shields tun 1894, ta koɗe, aljihu ya yage, wataƙila ta mahaifinsa ce ko ta kakansa. Gashi ba taza, takalmi duk taɓo, sai ɗan zobe a ƙaramin yatsa mai ɗauke da tambarin zuri'arsu. Tsufar kayan ita ce saƙon: mu mun gaji arziki, ba jiya muka same shi ba. Wanda ya shigo da riga sabuwa fil ta sama da fam 1,000 nan take suke gane shi baƙo ne ko sabon kuɗi. A iya abin da na gani, ɗaliban ƙasashen waje ne suka fi saka irin wadda take so. Kuma da zarar kaya ya yaɗu sai su bar shi. Jack Wills, kamfanin tufafi da aka kafa a garin Salcombe a 1999, ya taɓa zama tamkar kayan makarantarsu. Da kowa ya fara sakawa suka juya masa baya, a 2019 kamfanin ya durƙushe, Sports Direct ya saye shi.

Ainihin ma'aunin ba a kanti yake ba. A makon farko tambayar da za ta ji suna yi wa juna ita ce, "Wace makaranta ka yi?" Sakandare suke nufi. Kusan yaro 7 cikin 100 ne kawai ke zuwa makarantun kuɗi a ƙasar, kuma a cikinsu ma akwai na sama, kamar Eton da aka kafa a 1440, wadda ta yaye firaministoci 20. Kuɗinta ya haura fam 60,000 a shekara tun da gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a Janairun 2025. Daga sunan makaranta da karin harshe sun riga sun san inda za su ajiye mutum. Sai hirar shekarar hutun da suka yi suna yawon duniya kafin jami'a, da tafiya wasan zamiya kan ƙanƙara a tsaunukan Faransa a Disamba, da gurbin koyon aiki a banki da abokin baba ya samo. Tsofaffin firaministoci David Cameron da Boris Johnson duk Eton suka yi, suka je Oxford, suka shiga ƙungiyar Bullingdon ta ɗalibai 'ya'yan masu hali. Hanyar ke nan, kuma tun suna 'yan shekara 13 aka fara shimfiɗa ta.

Abin da ya fi taɓa ni ba mu baƙi ya shafa ba. Turawa 'ya'yan talakawa ne, musamman 'yan arewacin ƙasar, waɗanda ake kwaikwayon maganarsu ana dariya. Na san wata hazika da ta daina ɗaga hannu a aji saboda haka, a jami'ar da ke kusa da garinsu. Irin wannan ne ya sa Sophie Pender ta kafa ƙungiyar 93% Club a Bristol a 2016, don ɗaliban da suka fito daga makarantun gwamnati. Amma in faɗi gaskiya, a cikin 'yan gatan ma na haɗu da masu kirki da ladabi ƙwarai, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Wata magana da ya kamata ku yi da ita tun tana gida: yawancin haɗuwarsu a kan giya ake yi, daga ƙungiyoyin wasanni har liyafar dare. Ko da ta yi shiga irin tasu, nan ne hanya za ta rabu. Ƙawayen da za su riƙe ta a ajinta za ta same su, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ta ɗaliban Afirka, kuma ta nemi su tun makon farko, domin kafin ƙarshen zangon farko ɗalibai sun fara neman waɗanda za su kama hayar gida tare a shekara ta biyu.

Kuɗin ki ajiye su ga haya, da kwamfuta mai kyau, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Rigar sanyi ta bari sai ta isa can, za ta samu mai ɗumi a ƙasa da fam 100, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ma cike suke da su. Ki ɗinka mata atamfa ko leshi masu kyau kala biyu don liyafar cin abinci da wasu kwalejoji ke yi, inda ake so kowa ya yi shiga ta mutunci. Da irin su ni ma na riƙa zuwa.