Amsa: Shin za a iya dogaro da na'urar awon matsin cikin kai?

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin ce kina koyon aiki a sashen masu tsananin ciwo, an kawo wani saurayi da ya faɗi daga kabu-kabu, na'ura tana nuna matsin cikin kansa, wato PIC, ya kai 28, alhali ƙwayar idonsa tana amsa haske daidai, sikana ta safe kuma ba ta nuna sabon abu ba. Kika tambaya wanne za ki gaskata, na'ura ko mara lafiya.

Kafin a ce komai sai an san irin na'urar da aka saka masa, domin iri biyu ne aka fi amfani da su, kuma kowace da yadda take yin ƙarya.

Ta farko ita ce DVE, siririn tiyo da likitan tiyata yake cusawa kamar santimita 6 zuwa cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwa, ta wata ƴar huda a gaban kai, galibi ɓangaren dama. Ruwan da ke cikin tiyon ne yake kai matsin har zuwa ma'aunin da ke waje, a jikin sanda kusa da gado. Ita ce ake gwada sauran na'urori da ita, saboda ana iya maimaita mata sifili, wato a sake saita ma'aunin ya fara ƙirga daga 0, duk lokacin da aka ga dama, kuma ana iya zubar da ruwa ta cikinta don rage matsi. Amma kuskurenta kusan duka daga hannunmu yake fitowa. Dole ma'aunin ya kasance daidai da ɗan tsokan da ke gaban ramin kunne. Matsin mmHg 1 (da mmHg ake ƙirga lambar da ke allo) daidai yake da tsayin ruwa santimita 1.36, saboda haka idan aka ɗaga kan gado da santimita 10 aka bar ma'aunin inda yake, lambar za ta ƙaru da kusan 7 ba tare da komai ya canja a cikin kai ba. Mai 21 ya zama mai 28 ke nan. In ma'aunin ne ya fi kai tsawo, lambar ta ragu, wannan kuwa ya fi haɗari don kowa hankalinsa zai kwanta. Ba a daidaita shi da ido. A yi amfani da ma'aunin miƙewa irin na magina ko mai haske, kuma a sake duk lokacin da aka juya mutum, aka yi masa wanka, ko aka dawo da shi daga sikana.

Abu na biyu da ake yawan mantawa: in famfon zubar da ruwa yana buɗe, abin da allo yake nunawa ba matsin kai ba ne, kusan tsayin kwalbar tara ruwan ne kawai. A rufe hanyar zuba, a jira ƴan mintoci igiyar, wato layin matsin da ke hawa da sauka a allo, ta daidaita, a karanta, a rubuta, sannan a buɗe in umarnin likita ya ce a buɗe. Kumfar iska ko da ƙarama ce tana kashe motsin igiyar. Gudajin jini ko ɗan naman ƙwaƙwalwa yana toshe bakin tiyo. In ƙwaƙwalwa ta kumbura har kogon ya matse ya kama tiyon, lambar ba ta da wata ma'ana kuma. Ki dubi ruwan da ke cikin tiyo da kyau, lafiyayye yana ɗan rawa sama da ƙasa tare da bugun zuciya. In ya tsaya cik, a kira likita. Kada a tura ruwa zuwa wajen mara lafiya da sirinji, kada a haɗa jakar matsi ko heparin, maganin hana jini daskarewa, irin na layin jijiyar jini. Kowane taɓi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, haɗarin sanƙarau kuma yana ƙaruwa da yawan kwanakin tiyon da yawan buɗe shi.

Iri na biyu waya ce siririya mai ma'auni a bakinta, ana saka ta santimita biyu ko makamancin haka cikin naman ƙwaƙwalwa. Wayoyin da ake kira Codman da Raumedic suna aiki da ɗan guntun lantarki mai jin matsi, wadda ake kira Camino kuma da zaren haske. Ita ba ruwanta da tsayin gado, ba ta toshewa, cuta ba ta cika bin ta ba. Matsalarta ita ce sau ɗaya ake yi mata sifili, kafin a saka ta. Da zarar ta shiga, babu hanyar gwada ta sai an cire. A Codman ana tsoma bakin wayar a saman ruwan gishiri mai tsabta a yi sifili, na'urar ta ba da wata lamba mai alƙaluma uku. A rubuta ta a takardar mara lafiya da kuma jikin mahaɗin wayar, domin in aka sauya akwatin da ke karanta wayar ko aka cire aka mayar, da ita ake komawa daidai. Rasa wannan lamba ya sha mayar da waya mai tsada abin banza.

Sifilin yana zamewa a hankali. Yawanci mmHg ɗaya zuwa uku ne cikin kwanaki, amma akan sami wayar da ta kauce da 5 ko fiye, kuma tana iya yin sama ko ƙasa. Ƙa'idar da masu ƙera su suke bi ita ce kuskure kada ya wuce 2 tsakanin 0 da 20, kada kuma ya wuce kashi 10 cikin 100 daga 20 zuwa 100, sai dai wannan a teburin gwaji ne, ba a kan mutumin da ya kwana shida ana juya shi ba. An kuma nuna cewa tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jiki da tufafi yana iya sa lambar ta yi tsalle farat ɗaya ta zauna a sabon wuri. Mu da muke da hunturun Maraɗi, inda bargo ma yake ƙyasta wuta da dare, wannan ba abin rainawa ba ne: ki taɓa ƙarfen gado kafin ki taɓa wayar. Zaren Camino kuma yana karyewa in aka lanƙwasa shi. Wani ma'aunin da ake kira Spiegelberg, mai ƴar jakar iska a baki, shi yana maimaita sifilinsa da kansa kowace awa. Sannan waya tana faɗar matsin wurin da take ne kawai. In jini ya taru a hagu ita tana dama, ana iya samun bambanci mai yawa.

To ga 28 a allo, me za ki yi? Dubi siffar igiyar tukuna. Kowane bugun zuciya yana ba da tudu uku, na farko ya fi tsawo in ƙwaƙwalwa tana da sarari. In na biyu ya haura na farko, ƙwaƙwalwa ta fara rasa wurin numfasawa, kuma mai yiwuwa lambar gaskiya ce ko da ido bai canja ba, domin buɗewar ƙwayar ido da hawan jini tare da raguwar bugun zuciya alamu ne na ƙarshe-ƙarshe. In layin a miƙe yake ba rawa, ko lambar ta tashi daga 12 zuwa 28 cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da tsayin tudun ya ƙaru ba, na'urar ake zargi. Matsi na gaske in ya hau, bugun igiyar ma girma yake yi. Duba kuma ko lambar tana motsi in ya yi tari ko ana zuƙe masa majina. Wadda ba ta motsi ta mutu. Daga nan ki bi abubuwan da ke ɗaga matsi da gaske: wuyan da ya karkace, abin wuya ko igiyar tiyon numfashi da ta matse jijiyoyi, kan gado ƙasa da digiri 30, zazzaɓi, farfaɗiya, ƙarancin gishiri a jini, iskar da ba ta fita sosai daga huhu. Ki sanar da likita ko da kina zargin na'urar. A babba da ke kwance matsi yakan tsaya tsakanin 7 da 15, jagorar Amurka ta 2016 kuma ta ce a yi magani in ya wuce 22, a riƙe PPC, wato matsakaicin hawan jini a cire PIC, tsakanin 60 da 70. Ki lura, kuskuren 7 a PIC kuskuren 7 ne a PPC, sai a ba mutum mannitol, maganin rage matsin kai, ko maganin ɗaga jini da ba ya buƙata.

Ga abokan aiki da ba su da wannan kaya ko kaɗan, wanda shi ne halin yawancinmu daga nan har Tasawa da Dakoro: a 2012 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Bolibiya da Ekwado kan mutum 324 masu mummunan rauni a kai. Rabi an bi su da na'ura, rabi da dubawa a kai a kai da sikana, kuma bayan wata shida ba a ga bambanci a fili ba. Duka ɓangarorin biyu an yi musu maganin matsi sosai a ɗakin kulawa mai kyau, don haka ba a ce a yi sakaci ba. A duba Glasgow, wato makin farkawar mara lafiya, da ƙwayar ido kowace awa, a rubuta da lokaci. Mai ekografi, wato na'urar hoto da sauti, yana iya auna faɗin rigar jijiyar ido milimita 3 a bayan ƙwallon ido. In ya haura wajen milimita 5 zuwa 6 akwai zargi, ko da yake hannun mai awo yana canja sakamakon.

In waya ce aka saka wa saurayin, idan an zo cire ta ki roƙi a tsoma bakinta a saman ruwan gishiri kafin a kashe akwatin, a ga abin da take karantawa. Ya kamata ta nuna 0. Duk abin da ta nuna, a rubuta shi tare da yawan kwanakin da ta yi a kai.