Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan jin Baba

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce Baba yana jin ki sarai idan kuna ɗaki ku biyu, amma da kun zauna a tsakar gida, injin markaɗen maƙwabta yana tashi yana mutuwa, sai ya yi ta "na'am? me kika ce?", har kin fara zargin ko ganin dama ne. Don Allah kada ki ɗauki alhakinsa.

Na daɗe ina koyarwa a firamare, ajina kuma a bakin titi yake. Babur ya wuce da ƙara, kafin wani ya zo akwai ɗan shiru, a nan kunnena yake cafke guntun magana, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Yaro ya ce "Malama, zan je... ruwa", ban ji "shan" ba, amma na gane. Tun 1950 wasu masana biyu a Amurka, Miller da Licklider, suka gwada hakan: mai lafiyayyen kunne ya fi fahimtar magana cikin ƙara mai yankewa a kan ƙara mai ɗorewa irin ta janareta.

To, wannan ɗan shirun da mu muke mora, kunnen tsoho ba ya cin moriyarsa sosai. Kafin ya farfaɗo daga ƙarar farko, ta biyu ta iso. Ga shi sautuka marasa ƙarfi irin su s da f da sh su ne kan fara ɓace wa mutum idan shekaru sun ja. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai da muka yi ta maimaita mata "fata" tana jin "sata". Tana jin muryarmu, kalmar ce ba ta fita. Abin yana gajiyar da ita, shi ya sa a ƙarshe ta daina zama cikin taron biki, mu kuma muka ɗauka fushi take yi. Har yau abin yana damuna.

Yara ma ƙara tana hana su gane magana, don ba su tara kalmomin da za su cike giɓi da su ba. A 1975 wata masaniya, Arline Bronzaft, ta duba wata makaranta a New York da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. 'Yan aji shida na ɓangaren jirgin sun kusa shekara guda a baya wajen karatu, in an kwatanta su da na ɓangaren da ba ƙara.

Idan za ki yi wa Baba magana, ki matso ki fuskance shi ya ga bakinki, ki jira injin ya mutu. Ki fara da kan zancen: "Baba, maganar kuɗin wuta ce." Idan bai gane ba, ki sauya kalma, kada ki ɗaga murya, ihu yana ƙara dagula sauti. Sannan ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa gwajin ji. In kuna kusa da Kaduna, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a can.