Bawul ya ƙone, kai kuma kana maganar ƙaro mota ta biyu?

Wani bawan Allah mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Yana da tsohuwar Hiace mai jigila Kano zuwa Zariya, ya ba ƙanin matarsa yana ja, kullum yana kawo masa balas dubu 25. Shekara biyu kenan. Yanzu mota ta tsaya, bakanike ya ce bawul biyu (’yan marufan da ke buɗewa iska da mai su shiga injin, hayaƙi ya fita) sun ƙone, gyara zai ci kusan dubu 350, wani kuma ya ce ya sauke injin kawai ya sa ɗan Beljiyam. Shi kuma lissafinsa ya ɗebi kuɗin shago ya gyara wannan, sannan ya ci bashi ya ƙaro ta biyu don “idan ɗaya ta kwanta ɗaya na aiki”. Wai me na gani?

Alhaji na karanta saƙonka har sau biyu ina neman abu ɗaya ban samu ba. Ka faɗi balas, ka faɗi kuɗin gyara, amma ba ka faɗi yaushe aka yi wa motar nan sabis na ƙarshe ba, kuma na san dalili, ba ka sani ba ne. Kai da ko yadi biyar ba ya fita shagonka sai an rubuta, ka ɗauki dukiya ta miliyoyi ka miƙa wa yaro ba littafi ba komai saboda ƙanin Hajiya ne, kana jin nauyin tambayarsa. To ga shi kunyar ta zo da rasit.

Bari in gaya maka yadda bawul ke ƙonewa don ka gane ba tsautsayin rana ɗaya ba ne. Galibi na ɓangaren salansa ne ke ƙonewa, don shi ne hayaƙi mai wuta ke bi ta kansa. Hanyar da yake huce zafi ita ce duk lokacin da ya rufe ya zauna daram a mazauninsa, zafin ya wuce cikin top silinda, wato kan injin. Idan mota ta sha tafiya mazaunin yana cinyewa, tazarar bawul ta matse, ko kabon ya taru a bakin, sai ya daina zama daidai. Wuta ta samu ’yar kafa tana bi kullum, kamar yadda ruwa ke cin ginin ƙasa, har gefen bawul ya gutsure. Ƙara da nozul da ya toshe ko famfon mai da ya gaji, mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, injin ya ƙara zafi. Ƙara da halinmu na cire tamostat a zuba ruwan rijiya a lagireto. Tsofaffin injuna da yawa ana auna tazarar nan a saita ta lokaci-lokaci, aikin da bai kai kuɗin balas ɗin kwana ɗaya ko biyu ba.

Kuma mota ba ta ɓoye ciwonta. Tana misin, tana karkarwa in an tsaya a danja, salansa na tuf-tuf, an yi cikakken lodi ta kasa jan hawa, mai ya ƙaru. Wallahi direbanka ya ji duk wannan wata da watanni. Me ya sa bai faɗa ba? Saboda ranar da mota ta kwana gareji shi ba shi da na cefane, kai kuma dubu 25 ɗinka kawai kake jira da magariba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direban haya duk inda zai matse ya matse, abu na farko da yake matsewa kuwa shi ne juyen baƙin mai da sabis. Ban ce yaron ɓarawo ba ne, tsarin da ka ɗora shi a kai ne ya koya masa yin shiru.

Ni ma na sha wannan, shi ya sa nake maka faɗa. Na taɓa ba ɗan yayata Golf yana haya, mota ta fara misin ya je aka canja filogi, ta ci gaba aka sake canja filogi, sau uku. Ranar da aka buɗe kan injin bakaniken ya ɗora min bawul ɗin a tafin hannu, gefensa a gutsure kamar ɓera ya ci ƙuli-ƙuli, baƙi ƙirin. Na tambayi yaron yaushe ta fara, ya ce tun kafin azumi. A lokacin ana shirin babbar sallah.

Maganar gyara ko sabon inji, kar ka yanke daga shago. Je garejin da ƙafarka ka ce a auna kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska, na kowace silinda a gabanka. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata baƙin mai kaɗan ta ramin filogi a sake aunawa, in ta tashi ringi ne ya gaji, in ba ta motsa ba matsalar a sama take. Idan sauran silindar lafiya, kuma motar ba ta shan baƙin mai ba ta hayaƙi mai shuɗi, gyara kan injin ya wadatar. Amma a yi shi cikakke, sabon bawul, a gyara mazauni a goge su zauna, a duba gayid (bututun da bawul ke kai da komowa a ciki), a canja sil, a duba ko top ɗin ya lanƙwashe, sabon gasket mai kyau, kar a mayar da tsohon. Sannan a nemo abin da ya jawo, nozul ne ko zafi ne, in ba haka ba wata shida ka dawo. Kayan kuma ka bi bakaniken zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ku saya tare, tsofaffin da aka cire a ba ka a leda. Idan ƙasan injin ma ya gaji to nan ne maganar ɗan Beljiyam ta taso, shi ma dai tsoho ne da wani ya gama mora a can, ba ka san tafiyar da ya sha ba, kar ka biya sai da sharaɗin gwaji.

Mota ta biyu kuwa ka manta da ita. Dubu 25 sau kwana 26 dubu 650 ne a wata, shekara biyu kana karɓa, amma yau dubu 350 sai ka taɓa jarin atamfa? Ashe ba riba kake ci ba, motar kake ci da kaɗan-kaɗan, taya da inji da giya duk ka cinye su a cefane. Wanda bai iya riƙe ɗaya ba in ya ƙaro ta biyu da bashi gareji biyu zai riƙa zuwa.

In ta tashi, sayi littafi na ɗari biyar. Kowace rana cire kashi ɗaya cikin huɗu na balas ka ajiye shi daban, kuɗin mota ne ba naka ba. Ranar juye, ranar sabis, abin da aka canja, duk a rubuta. Ranar da mota ke gareji ka ba direba wani abu ya kai gida don ya daina ɓoye maka. Duk Juma’a ya kawo ta ƙofar gida ka tayar da ita da kanka ka saurara minti biyar. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce Hajiya ta zo ta saurara tare da kai.