Mijina yana dukana idan ya sha giya: ina matsayin aurenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekarata 9 da aure, 'ya'yanmu uku. Shekara biyu ke nan maigidana ya faɗa shan giya. Duk daren da ya dawo a buge sai ya nemo dalilin faɗa, ko a kan tuwo ko a kan kukan yaro, ƙarshenta dai duka. Watan jiya sai da aka yi mini ɗinki a goshi. Da safe kuma ya zauna yana kuka, wai ba shi ba ne, giya ce. Akwai daren da ya ce ya sake ni, gari na wayewa ya rantse bai san ya faɗa ba. Na je gida, aka ce in koma in yi haƙuri, aure ibada ne. Shin yana da laifi, tunda ba ya cikin hayyacinsa? Sakin ya auku? In na fita na saɓa wa Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya yaye miki.

Zan fara da maganar nan tasa ta "giya ce", domin a kanta sauran hukuncin ya rataya. Rabinta gaskiya ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya zauna shan giya da wasu mutane tun kafin a haramta ta. Da suka bugu aka shiga alfahari, sai ɗayansu ya ɗauki ƙashin muƙamuƙin raƙumi ya fasa wa Sa'adu hanci. A kan haka ayar haramta giya ta Suratul Ma'ida ta sauka, kuma a aya ta 91 Allah ya bayyana cewa Shaiɗan yana so ne ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyar giya da caca. Waɗannan fa sahabbai ne masu son juna, amma giya ta kai su ga zubar da jini. Sayyidina Umar ya ce giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali, saboda haka hukuncin ɗaya ne ko ta kwalba ce, ko burkutu, ko kodin, ko ƙwaya. Likitoci ma sun bayyana cewa tana dakushe sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki idan ransa ya ɓaci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin abubuwan da ke ƙara yawan duka tsakanin ma'aurata da tsananinsa.

Ɗaya rabin kuwa ɓuya ce. Mutumin nan yana barin mashaya bai doki abokan shansa ba, bai doki ɗan sanda ba, ya gane hanyar gidansa, ya gane ƙofar ɗakinki, sannan ya ɗaga hannu a kan wadda ya san ba za ta iya ramawa ba. Akwai sauran lissafi a kan wanda ya iya wannan zaɓin. Ko da ma babu, Shari'a ta ɗauke alƙalami ne ga wanda hankalinsa ya gushe ba da zaɓinsa ba, kamar mahaukaci da mai barci. Wanda ya zura hannu a aljihu ya sayi abin da zai gusar masa da hankali, alhali ya ga abin da ya aikata jiya da shekaranjiya, wannan ba shi da uzuri. A mazhabar Malikiyya ba a lazimta wa mai maye cinikin da ya ƙulla ko iƙirarin da ya yi, amma ana kama shi da duk ɓarnar da ya yi wa jikin wani ko dukiyarsa. Laifinsa biyu ne: na shan giya, wanda ke tsakaninsa da Ubangijinsa, da na zaluntarki, wanda kukan safiya ba ya goge shi sai ya daina kuma ke kin yafe.

Kada kuma wani ya kawo miki aya ta 34 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci dukan mace mai bijire wa mijinta. Malaman da suka yi bayaninta sun gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa kada a ji rauni kuma kada a taɓa fuska. Fasa goshi a cikin maye zalunci ne a wurin kowane malami. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Da Fatima bint Ƙais ta nemi shawararsa kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahm saboda yawan dukan mata.

Batun saki, malamai sun saɓa tun zamanin magabata. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an tambayi Sa'id bin Musayyib da Sulaiman bin Yasar, suka ce sakin mai maye ya auku, in ya yi kisa kuma a kashe shi, Malik ya ce a kan haka ake a wurinsu a Madina. An ruwaito daga Sayyidina Usman cewa mahaukaci da mai maye ba su da saki, kuma Ibn Taimiyya ya zaɓi wannan. A cikin Malikiyya ma akwai waɗanda suka keɓe wanda ya bugu har bai san sama da ƙasa ba. Abin da ya shahara a mazhabar, wadda kotunanmu ke bi, shi ne ya auku. Sai dai ba zan yanke miki a nan ba, domin ban ji ta bakinsa ba. Wane lafazi ya yi, sau nawa, akwai saki a baya, wa ya ji? Waɗannan aikin alƙali ne, kuma kada ki jinkirta kai maganar. In saki ɗaya ne na farko, yana da kome a cikin idda. In kuwa kin tabbata kin ji uku da kunnenki, kada ki ba shi kanki har sai an yi hukunci.

Tambayarki ta uku ita ta fi damuna. Haƙuri ana yin sa a kan talauci, da rashin lafiya, da ɗacin baki. Ba a wajabta wa kowa ya zauna a inda ake fasa masa kai ba. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 231, kada ku riƙe mata don cutarwa, Annabi kuma ya ce babu cuta babu cutarwa. Fitar da kika yi don tsira da jikinki ba ta cikin bijirewar da ke zubar da haƙƙin ciyarwa, kuma ba ki da zunubi. Iyayenmu, da girmamawa nake faɗa, sukan mayar da yarinya ɗaki don gudun a ce 'yarsu ta kashe aure. Niyyar mai kyau ce, amma waliyyi an ɗora shi ne don ya kare ta. Wanda ya ga ɗinki a goshin 'yarsa, aka zo biko ya miƙa ta ba tare da ko sharaɗi ɗaya ba, shi ma za a tambaye shi.

In kina son auren, hanya tana nan a Nisa'i, aya ta 35: mutum ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa, su zauna. Ki zauna a gidanku har a ga abin da za a iya gani da ido: ya rabu da mashaya da abokanta, ya je asibiti wurin masu kula da shaye-shaye, domin wanda jikinsa ya saba da giya yankewa farat ɗaya kan iya jawo masa karkarwa da farfaɗiya. Rantsuwa da Alƙur'ani ba ta isa ba, ya sha yi miki ita. Ki lura kuma da halinsa ranar da bai sha ba. In da ma akwai zagi da tsoratarwa da hana ki zuwa wurin danginki, to barin giya kaɗai ba zai kawo ƙarshen dukan ba.

In kuwa kin gaji, haƙƙinki ne. Shaihu Khalil, malamin Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Mukhtasar cewa mace tana da ikon a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su shaida cewa ta maimaitu ba. Wannan rabuwa ba ta da kome, kuma ba za ki mayar da sadaki ba. Na faɗi haka ne don mata da yawa kan biya kul'i saboda rashin sani, alhali ko kin biya, in cutarwar ta tabbata daga baya ana dawo miki da kuɗinki. Ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta, don haka ki adana katin asibiti, ki sanar da mai unguwa ko liman ko ofishin Hisba tun yanzu. Renon yara kuma naki ne matuƙar ba ki yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyar da su yana wuyan ubansu.

Kafin a kai ga haka, duk daren da kika ji ya shigo a buge, kada ki tanka masa ko da ke ce mai gaskiya. Ki kwashi yaran ki shiga maƙwabta, a yi maganar da rana a gaban manya.

Wallahu a'alam.