Doguwar ɗauka da kyamara mai ido biyu: me za a saya?

Tambaya: Na samu tsohuwar kyamarar fim mai ido biyu, Yashica Mat-124G, ina son ɗaukar fitilun titi da dare. Me zan fara saya?

Malam, ka yi dace. Madubin irin wannan kyamara ba ya motsi lokacin ɗauka, don haka girgizarta kaɗan ce. Sai dai saurinta mafi ƙasa daƙiƙa 1 ne. In za ka wuce haka, sai ka juya zuwa B, inda ƙofar hasken ke zama a buɗe muddin maɓalli na danne. Saboda haka abu biyu ne dole: sanda mai ƙafa uku, mai nauyi, da igiyar latsawa mai makulli, wadda ake danna maɓalli da ita ba tare da taɓa kyamara ba. Kada ka sayi igiya marar makulli, yatsa ba ya riƙe minti uku ba tare da rawa ba. Masu Yashica-D su lura, maɓallinsu sai an ƙara masa ƙaramin haɗi kafin igiya ta kama. Mitar auna haske ta jikin kyamarar kuwa ka manta da ita a duhu.

Tambaya: Na auna daƙiƙa 30 da fim ɗin HP5 Plus, hotuna 12 duk suka fito duhu. Kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau, halin fim ne. Da zarar ɗauka ta wuce daƙiƙa 1, ƙarfinsa na kama haske yana raguwa, lissafin mita ya daina aiki. Bisa ƙa'idar Ilford, kamfanin da ke yin fim ɗin, daƙiƙa 10 a kan HP5 Plus na komawa kusan 20, 30 ta koma kusan 86, minti 1 kuma ya zama wajen uku da rabi. Ka rubuta a kati, ka manna a bayan kyamara. In lissafi ba ya maka daɗi, ka sayi Acros II na Fujifilm, wanda ba ya neman ƙari har daƙiƙa 120. Idan kana shakka, gara ka ƙara lokaci. Fim baƙi da fari yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa.

Tambaya: Ina son ruwa ya fito kamar hazo da rana. Wace filta ta dace?

Filtar ND, baƙin gilashi mai rage haske mataki 10 (kowane mataki yana rage rabin haske): tana mayar da 1/60 na daƙiƙa kusan daƙiƙa 17, kafin ƙarin lokacin da fim ke nema. A idon ƙasa ake sa ta, shi ke ɗaukar hoto. Na sama ya zauna a sake, kana ganin komai sarai. Duba bakin gilashi kafin ka biya, domin Yashica Mat da yawancin kyamarorin Rolleicord wani irin mahaɗin filta da ake kira Bay 1 suke ɗauka. Ya fi sauƙi ka sayi zoben da ke mayar da Bay 1 zuwa zare, ka yi amfani da filtar zamani. In kyamararka mai jar taga ce a baya, rufe ta da baƙin tef, don haske na iya shiga ta nan ya ɓata fim.